Shafi na Tamanin da Uku

A ɗakin karatu na Samaru fanka ta tsaya,
ni kuma cikina wata bakwai.
Na ja kujera baya don in sami wurin numfashi.
Littafin ya kai faifai faɗi.
Mutanen Olmek, in ji shi, can gaɓar tekun Meziko,
shekara dubu uku baya.

Shafukan farko duk kawunan maza ne,
na dutse, kowanne ya kusa rumbu girma,
sun murtuke fuska kamar masu bin bashi.
Malam Ishaya ya ba su lacca biyu cur.
Matan kuwa sai can ƙarshe,
'yan ƙanana, na yumɓu, ba su wuce tafin hannu ba,
wata ba kai, wata ba ƙafa,
amma cikin yana nan, ya turo gaba,
hannu ɗaya tallafe da mara,
daidai inda nawa yake
ban ma san na ɗora shi ba.

Ƙasa da su wani ɗan abu na dutse:
ƙaton kai, ƙirji ɗan tsito,
gwiwa a lanƙwashe, ido a kumbure.
Rubutun ya ce masana sun rabu,
wasu sun ce wada ne, wasu sun ce mai rawa.

Na biya aka buga mini shafin,
na hau keke zuwa Tudun Jukun.
Goggo Hansai na tsinkar zogale.
Shekara arba'in tana yankan cibi a unguwar,
ba ta san Meziko ba, ba ta kuma tambaya ba.
Ta goge hannu a zane,
ta nisanta takardar da idonta,
ta juya ta, ta sake juyowa.

"Wada a ina?" ta ce.
"Wannan ɗan wata huɗu ne, bai cika biyar ba.
Dubi wuyan. Dubi yadda ya naɗe ƙafa.
Wadda ta sassaƙa shi ta riƙe irinsa a tafinta,
da ɗuminsa."

Littafin bai ce mace ba ce.
Ban gyara mata ba.

Tattabarun maƙwabta suka sauko kan katanga,
mu biyu muna kallon tire.
Bara ne, tsakiyar damina,
kwanon silba, tsumma, fitilar waya.
Ita ta wanke, ita ta naɗe.
Ta ce kar in duba. Na duba.
Lawandi ya haƙa a gindin lemun tsami kafin asuba.
Ba suna, ba rago.
Masu shigowa suka ce Allah ya kawo rayayye,
suka sha ruwa, suka koma zancen tsadar taki.

Na yanzu a Shika na gan shi,
inuwa cikin toka, likita na awo da kibiya.
Waccan matar ba ta da na'ura.
Kallo ɗaya ta samu, irin nawa,
sai ta nemi dutsen da ya fi taurin kai,
ta zauna da yashi da ruwa
tana goga, tana goga,
wata nawa, ban sani ba,
har wuyan ya fito daidai.

Ran Litinin aka kawo yumɓu daga Bomo.
Tulu aka ce mu gina, da shi za a ba da maki.
Na gutsuri abin da zai cika tafi,
na fara ta kai.
Malam Ishaya ya tsaya a bayana ya daɗe.
"Mene ne wannan?"
Na ce ban gama ba, Malam.
Na ciki ya harba sau biyu ƙarƙashin haƙarƙari,
na danna wurin da gwiwar hannu,
hannuwan duk laka.

Takardar kuwa Goggo ba ta dawo mini da ita ba.
Na gan ta jiya, an ninke huɗu,
cikin gwangwanin da take ajiye reza da zare.