Dangwale Ɗari da Sha Tara

Ranar Talata suka zo, su uku a farar mota,
ɗaya da na'ura mai ƙafa uku, yana leƙe da ido guda
kamar mai neman allura a gindin rijiya.
Kafin la'asar sun dasa turakun siminti
zagaye da kududdufin bayan layinmu,
kowanne da jar lamba a goshi.
Ba su yi wa kowa sallama ba.

Sai da Tanimu mai faci ya bi su da tambaya
aka ce shaguna ne, hawa biyu, guda arba'in da takwas.
Za a cike ruwan da ƙasa.
Wai takarda ta fito daga sama tun bara.

Mu ma mun san kududdufin nan ba abin ado ba ne.
Wari yake da bazara, gidan gadon sauro ne,
leda ta fi tarwaɗa yawa a ciki.
Amma duk ruwan Agusta da ya sauka a wannan ɓangare na Kurna
nan yake zuwa ya kwana.
In an rushe masa ɗaki, ɗakin wa zai nema?
Uwani ta ce, "Nawa."
Gidanta ne a gangare, katangar ƙasa, marayu huɗu.

Aka taru a ƙofar mai unguwa bayan isha'i.
Aka ce ni zan rubuta koke,
tunda na yi akawu shekara ashirin da shida
a kamfanin fata na Sharaɗa.
Na rubuta, na gyara, na sake,
na cire ashar ɗin da Baba Nasidi ya rantse sai an sa.

Na bi gida-gida da tawada a murfin kwalba.
Lantana mai awara ta dangwala,
yatsanta ya bar tabon mai a gefen takarda.
Malam Shu'aibu ya ce sai ya yi shawara,
shi gidansa a tudu yake.
Mamuda ya ce, "Ni haya nake, ruwa ya ci na mai gida,"
na kai bakin lungu ya ƙwala mini kira,
ya tuna a soro kekensa na ɗinki yake kwana.
Ɗari da sha tara, na ƙirga sau biyu.

Sakatariya kuwa, zuwana biyar.
Oga ya fita. Oga na taro. A dawo Litinin.
Har masinja ya san tarina,
in ya ji ni sai ya matsa mini a benci.

Daren jiya Sagiru ya shigo, ɗana na biyu,
shekara bakwai yana gyaran waya ƙarƙashin lema a bakin titi,
yau a kore shi, gobe a kwashe masa tebur.
Ya durƙusa, ya ajiye rasit a gabana:
kafin alƙalami, shago mai lamba sha bakwai.
"Baba," ya ce, "rana ta ishe ni."

Na duba tawa, na duba tasa.
Takarda biyu a tabarma ɗaya,
kuma sunana na kan kowacce.
Tuwon ya huce ba wanda ya sa hannu.

Da hantsi tifa ta farko ta juye jar ƙasa,
kwaɗi suka yi tsit.
Kafin ta biyu ta gama juyo da baya
Uwani ta shimfiɗa buhu a tsakiyar hanya,
ta zauna da faranti tana tsintar wake.
Mata suka fara fitowa, kowacce da kujerarta 'yar tsuguno.
Direba ya kashe mota, ya sauko yana waya.

Na ɗauki fayil ɗina, zuwa na shida.
Ba adaidaita a layi, duk sun tsaya kallo.
Sagiru ya tayar da babur, ya ce in hau.
Har muka wuce Fagge ba mu yi magana ba,
ni riƙe da koke a ƙirji, ɗaya hannun a kafaɗarsa,
hadari kuma yana haɗowa ta gabas.