Lahadi a Ulsan

Sun ba ni kujerar yaro ɗan shekara sha uku.
Gwiwata ta daki ƙasan tebur, tebur ya yi ƙara,
duk aji ya waiwayo: wani akanta, ma'aikatan jinya biyu,
da mai tallan inshora da ya ɗaura taye ranar hutu.
A jikin katakon wani yaro ya kankare da tsinin biro:
yunwa nake ji.
Na shafa rubutun da yatsa. Ni ma haka, ɗana.

Mai sa mana ido da ƙyar ta girmi 'yata Ye-rim.
Ta dubi katina, ta dubi furfurata,
ta karanta: Pyeon Dong-gil.
Ta bi layi tana kwashe wayoyi cikin kwando
kamar mai tsintar ƙwai.

Shekara ashirin da uku ina duba walda a cikin jiragen ruwa.
In na ƙwanƙwasa ƙarfe, ƙarfe ba ya ɓoye mini komai.
Torbjørn, wakilin masu jirgi, mutumin Norway,
mun yi wata tara muna gardama da guduma da alli,
bai ji yarena ba, ban ji nasa ba,
jirgin kuwa har yau yana kan teku.
Amma ofis ya ce kujerar shugaban sashe
sai mai maki ɗari bakwai a Turanci.
To. Wanda ke neman wuta ba ya raina hayaƙi.

A juya takarda.

Wata mata ta ɗage taro daga Talata zuwa Alhamis.
Me ya sa ta ɗage?
Ina ruwana da ita? Amma na bi ta layi-layi,
ina jan fensir ƙarƙashin kowace kalma
kamar mai neman tsaga a ɗinkin ƙarfe.
Amsoshi huɗu, biyu sun yi kama kamar tagwaye.
Ye-rim ta ce, Baba, in sun yi kama, ɗaya tarko ce.
Ba ta faɗa mini wacce ba.

Wata huɗu muna zama bayan cin dare,
ita da littafin lissafinta, ni da katunan kalmomi
da ta yanka daga kwalin taliya.
In na yi kuskure ta ɗan buga tebur da cokali,
daidai yadda nake yi mata tana ƙarama.
Abin da ka shuka.

Sai ga ta a tambaya ta hamsin da takwas,
kalmar da na sani tun ina ɗan koyo,
wadda ke rubuce da farin fenti a goshin kowane jirgi:
zurfin da ya nutsa cikin ruwa.
Zuciyata ta yi tsalle, na ga ɗan gida a baƙon gari.
Na sake karantawa.
Babu jirgi. Babu ruwa.
A nan, ashe, wasiƙa ce da ba a gama rubutawa ba.
Shekara ashirin da uku muna gaisawa
ban san tana da wani gida ba.

Na yi dariya. Mai sa ido ta ɗago kai.

Saura minti goma, saura shafi biyu.
Matar da ke gefena tana cike da'irori a jere ba karatu,
ƙas, ƙas, ƙas,
ni kuma hannuna ya ƙi.
Ban taɓa sa hannu kan waldar da ban duba ba.
Na bar tara babu komai.

A bakin ƙofa ruwa na yayyafi.
Na sayi romon kifi a kofin takarda,
daga nan ana hango manyan ƙugiyoyin tasha sun yi tsit.
Waya ta dawo hannuna da saƙo ɗaya:
Baba, yaya?
Na rubuta, na goge, na sake rubutawa.
Har romon ya huce ban aika ba.