Wadda Na Ɗauka a Gada Biyu

A teburin Maikuɗi mai shayi, bakin Dilimi,
kowa ya san ta, ba wanda ya taɓa ganinta.
Sabo mai faci ya ce daga kududdufin kuza take fitowa,
can wajen Bukur, inda aka haƙe ƙasa aka bar rami
ruwa ya cika shi, ya yi kore, ya yi shiru.
Gashi har gadon baya, in ji shi,
ƙamshinta kan riga ta shiga mota.
In ta biya ka, da safe kuɗin ganyen mangwaro ne.
In ka bi ta ɗaki, a maƙabarta za ka farka
ba riga, ba hula, ba hankali.
"Ka dai dubi ƙafa," ya ce yana kaɗa cokali,
"fuska na yin ƙarya, kofato ba ya yi."

Daren Laraba, sha biyu ta gota,
ruwan Agusta ya ɗauke, sanyi ya gangaro daga duwatsu.
Ina jan tasi ba kowa a ciki sai ni da bashin mai mota.
Fitila ta hasko ta a Gada Biyu,
fararen kaya, ita kaɗai, hannu a sama.
Ƙafata ta ce wuce, cikina ya ce tsaya.
Na tsaya.

Ta shiga baya, ta ce Rayfield.
Ƙamshi kuwa akwai shi,
amma ba na turare ba, wani abu mai yaji, mai sanyi.
Na karkata madubi na saci kallo:
wallahi kyakkyawa ce,
irin kyan da ke sa mutum ya manta da sunan unguwarsu.
Na kama Ayatul Kursiyyu, ta kuɓuce mini a tsakiya,
na koma farko, ta sake kuɓucewa.

Sai na ji ana raɗa a bayana.
Na ce shi ke nan, ta fara kiran danginta.
Na kasa kunne, gashin jikina a tsaye.
Ashe addu'a take,
da harshen mutanen dutse, tana maimaita suna ɗaya,
hannunta na dama a kan marfin ƙofa,
na hagu ya damƙe almakashi a bakin jaka.
Duk kwanar da na sha, sai ta ƙara matse shi.

A hasken wani gidan mai na rage gudu,
na yi kamar ina neman canji a ƙasa, na duba.
Takalmin roba ne, fari, ya sha wanki,
ɗaya an ɗinke shi da baƙin zare,
diddige ya kumbura don tsayuwar yini.
Ƙamshin nan, sai a lokacin na gane shi:
ranar da aka kwantar da mahaifiyata na fara jin sa.

Ta sauka tun kafin gidansu, don kar in san ƙofar.
Ta miƙo ɗari biyar biyu daga nesa,
kamar mai ba kare nama.
Ba ta juya mini baya ba sai da na tayar.

Da asuba na zaro kuɗin daga aljihu.
Suna nan, kuɗi, ɗaya ma da tsagar gefe.
Na daɗe ina juya su.
Kunya ce ta hana ni faɗin abin da na so in gani.

Yau ma Sabo ya ƙara mata tsawon gashi,
ya ce jiya ta haukata wani direban Farin Gada.
Suka ce, "Kai mai yawon dare, ba ka taɓa gamuwa da ita ba?"
Na busa shayina.
Na tuna wata mata a wani gida a Rayfield
wadda watakila yanzu take ba ƙannenta labari:
wani baƙin direba, ido jajir a madubi,
bakinsa na motsi shi kaɗai,
ga shi sai leƙen ƙafarta yake.