Abin da Akuya Ta Riga Mu Sani

Daren Talata ƙafar Baba ta sake ɗaurewa.
Ta bayan zana na jiyo shi
yana kiran sunan Allah ƙasa-ƙasa,
da muryar da ba ya so 'ya'yansa su sani.
Sha-raɓarsa ta dunƙule kamar ɗan dutsen niƙa.
Inna ta ce hannu aka sa masa.
Kawu Tanimu ya ce sanyin fadama ne.
Ni dai man gyaɗa na ɗauko,
na yi ta murza har ladan ya gyara murya.

Da hantsi na goya shi zuwa asibitin Gagarawa.
Malama Furera, mai tabarau ɗaure da zare,
ta auna jini, ta leƙa ido,
sannan ta ce, "Me kuke ci a gida?"
Baba ya haɗe rai.
Ba a buɗe wa magidanci tukunya a gaban ɗansa.
Ni na amsa: taliya, farar shinkafa,
tuwon geron da aka surfe fes kamar haƙorin amarya.
"Me kuke nomawa?"
"Riɗi."
Sai ta ajiye biro.

Ta ce akwai wani sinadari, maganiziyam.
Baba ya ce, "Magani dai na ji,
ragowar sunan na bar miki."
Ta yi dariya har tabarau ya zame.

"Ban ce shi kaɗai ne ba, Baba,
ciwo gida ne mai ƙofa da yawa.
Amma shi ke ce wa tsoka ta saki bayan ta kama,
shi ke taya zuciya riƙe takunta.
Kuma 'yan sintirin da ke yawo cikin jini,
masu jiran cuta ta hauro katanga,
da shi suke aiki.
Ba shi ne ɗan sintirin ba,
shi ne batirin tocilarsa."

"A wane kanti ake samu?"
"A gonarka.
Yana cikin riɗi, yana cikin wake da gyaɗa,
da zogalen da ke leƙen bayan gidanku,
da dusar da kuke bakacewa."

A hanya bai ce uffan ba.
Ni ina tuƙi, ina lissafi:
buhu goma sha ɗaya bara,
ranar Alhamis, kasuwar Maigatari,
babbar mota ta haɗiye su ta yi kudu.
Ko mudu ba mu rage ba.
Muka dawo da katan ɗin taliya
muna jin mun ci kasuwa.

Muna shiga gida, ga jar akuyar Inna
kanta cikin kwanon dusa,
gashi na sheƙi, ƙugu ya cika.
Wannan da ke tsallake danga ba ta ko waiwaye,
wannan da ba a taɓa murza wa ƙafa da dare ba.
Baba ya tsaya yana kallonta, ya jima,
ya ce, "Ashe ke ce mai gidan."

Yanzu taɓaryar Inna ba ta daɗewa a turmi.
Tuwon ya yi duhu, yara sun yi ƙorafi, sun saba.
Akwai kantun riɗi a kwanon sha,
akwai kwaɗon zogale da ƙuli bayan la'asar.

Ba zan ce ya warke ba.
Shekaranjiya ma ƙafar ta ɗan yi masa magana,
kuma ranar Litinin za mu koma wurin Malama.

Amma bana buhu ɗaya na jingine a bayan ƙyaure.
Dillali ya zo, ya taya, ya ƙara, ya sake ƙarawa.
Baba ya ce, "Wannan an riga an saye.
Bashi ne jiki ke bi na."

Akuya kuwa ta daina gaishe mu.
Takan leƙa kwanonta,
ta ɗago,
ta bi mu da harara ɗaya bayan ɗaya.