Jakar Baya a Kasuwar Kasala

Babikir ya sauko da uku daga kan ƙusa,
ya jera mini su bisa buhun zoɓo.
"Daga Dubai suke," in ji shi. Na yi dariya.
Komai na layin nan daga Dubai yake in ka tambaya.

Ta farko baƙa, aljihu goma sha ɗaya,
in na jefa batir yau, sai jibi mu gana.
Ta biyu jawur, tana kiran ɓarawo da sunansa.
Ta ukun ba kyau. Launin ƙasa,
zif yana cijewa a kwana,
amma cikinta soso ne, ɗaki-ɗaki,
kowa da makwancinsa.

Na kwantar da kyamara, na sa dogon idonta
da na yi wata bakwai ina biyan bashinsa,
na goya, na zaga rumfar masu gahawa, na dawo.
Kafaɗa ba ta koka ba.

Babana cikin tsohon rawani yake naɗe tasa,
ya rungume ta har saman dutsen Totil,
ko murfi bai taɓa fasawa ba.
Ni ga ni nan, ina ciniki a kan soso.

"Rage mini, zif ɗin gurgu ne."
"Goga masa kyandir," in ji Babikir,
"kuma ka ɗauke ni hoto, cikon kuɗi."

Ya gyara hula, ya tsuke fuska.
Hoton farko da jakar ta goya
na mai ita ne, ido ɗaya a rufe.