Gadar da Na Bari a Gindin Mbula

Shekara arba'in ina bin sawu,
ban san akwai naman da ke kwance a ƙirjina ba
sai ran da ya zabura.

A asibitin Dass, wata sa'ar 'yata
ta ɗora mini ƙarfe mai sanyi,
ta yi kasaƙe, yadda nake yi wa daji da asuba.
Ta ce, "Baba Barau, zuciyarka ta gaji.
Ban hana ka daji ba, na san ba za ka hanu ba.
Amma kar ka fita kai kaɗai,
kar ka hau dutse da gaggawa,
nama kuma, bar wa yaro ya saɓa."
Na ce to.
Irin to ɗin da ake sallamar yara da shi.

Yanzu a burgamina, gefen albarushi da layar kakana,
akwai 'yar kwalba mai fararen ƙwayoyi
ƙanana kamar tsabar gero.
Kande ke ƙirga su kafin in fita.
Wace hanya? Wane rafi? Yaushe za a dawo?
Ta cusa wa Gambo goran ruwa da waya cike da caji.
Ni da nake sulalewa ko zakara bai farka ba!

Ran nan, a gindin Mbula,
kare ya ɗauki wari, ciyawa ta motsa,
gada ta haura kan fa.
Taku goma sha biyu ne tsakanina da inda zan saita ta.
A na biyar aka ɗaure mini ƙirji da igiyar guga,
hannun hagu ya zama taɓarya,
gumi mai sanyi ya gangaro, alhali rana ba ta ɗaga ba.

Na zauna.
Ni, Barau, da na taɓa kwana biyu bayan gyado,
na jingina da kanya na zauna.
Na kwantar da bindiga, bakinta na kallon daji,
na sa ƙwaya ƙarƙashin harshe, yadda aka koya mini.
Gambo ya hau tudu neman sabis,
muryarsa na rawa yana kwatance wa mai babur.

Gadar ba ta tafi nan take ba.
Ta juyo, ta dube ni,
haƙarƙarinta na hawa da sauka kamar nawa.
Mu biyu, kowa da ɗan gangarsa a ƙirji,
kowa na roƙon kada fatar ta yage.
Sai ta kaɗa kunne ta wuce.

Kwana uku na yi a gadon asibiti.
A majalisa, na ji an ce Barau ya dawo da burgami wayam.
Su faɗa.
Kande ta zazzage kwalba a tafin hannu,
ta ƙirga, guda ɗaya babu.
Ta ɗago ta ƙirga mu:
ni, da Gambo, da kare a bakin ƙofa.
Ta ɗora tukunya. Miyar kuka ce, ba nama.
Na nemi ƙari.