Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

A kwance, zuciyata maƙaryaciya ce.
Ta ce wa likita lafiya lau,
kamar yadda nake ce wa Zinaru
in ta ga na dafa bango a Katako
bayan buhun albasa na uku.

Sai likita Hamsatu ta ce: hau.
Keke ne marar taya.
Ta shafa mini mai a ƙirji, sanyi kamar kunun da ya kwana,
ta danna ƴar na'urarta tsakanin haƙarƙari.

Na taka. Na ƙara takawa.
Ban bar Yamai ba, ko gada ban ƙetare ba,
amma haki nake kamar daga Galmi na taho.

"Ga shi nan," in ji ta.
A gilashi, ja da shuɗi na turereniya
a bakin wani ɗan ƙyaure
da ke buɗewa rabi,
kamar ƙofar shagona in ta sha damina.

Shekara hamsin da huɗu muna gida ɗaya,
sai yau muka ga juna.

"Ya isa, sauko."
Na laluba hulata.
A waje Zinaru na tsaye, tambaya a idonta,
kuma babu bango kusa.